Japan ta ɗaure hannun sojanta, mu wa ke ƙirga namu?

A Kangire, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Birnin Kudu, idan aka ambaci Japan ƙarfe ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Motar Toyota da ke lodin fasinja zuwa Kano, injin Honda da mai lambu ke jan ruwa da shi a fadama, tsohon babur Suzuki da ya ƙi mutuwa. Bakanike in yana so ya kwantar wa mai mota hankali, sai ya ce kayan “ɗan Japan” ne, magana ta ƙare.

Abin da ba a cika haɗa sunan Japan da shi a teburin mai shayi ba shi ne soja. Ana jin labarin sojan Amurka, da na Faransa da aka kora daga Nijar, da na Rasha. Na Japan kuwa shiru, har wani ya ɗauka ba su da shi.

Kakanni sun san suna da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulkin mallaka sun kwashi dubban matasa daga Arewa, har da na lardin Kano wanda Birnin Kudu da Gwaram ke ciki a lokacin, suka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka kai su dazukan Burma su gwabza da sojan Japan. Barikin Kalapanzin na Kaduna da barikin Chindit na Zariya duk daga wancan yaƙi suka samo sunansu.

Yau sama da shekara 80 da ƙarewar yaƙin, reshe ya juye da mujiya. Jikokin waɗanda aka kai Burma su ne suka zagaye duniya da bindiga da shuɗiyar hula, suna raba faɗa da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya. Japan, wadda ta taɓa mamaye rabin Asiya, a yanzu ’yan tsirarun hafsoshi kawai gare ta a irin wannan aiki, su ma a ofis suke. Mutane da yawa kan ɗauki wannan a matsayin tsoro ko rowar jini. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Sai dai ƙasar da ta binne ɗaruruwan ’ya’yanta a ƙasashen waje ba tare da ta iya faɗin sunayensu ba, ya kamata ta dakata da dariya tukuna.

Igiyar da ake kira sashe na 9

Bayan bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945, Japan ta miƙa wuya. Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 3 ga Mayun 1947, wanda aka rubuta a ƙarƙashin mamayar Amurka, ya ƙunshi sashe na 9. A cikinsa ƙasar ta yafe yaƙi har abada a matsayin hanyar warware rikici da wata ƙasa, ta kuma ce ba za ta riƙe rundunar yaƙi ba. A 1954 aka kafa abin da suka kira Rundunar Kare Kai. Soja ne a komai, da jiragen yaƙi da na ruwa, amma doka ba ta yarda a kira shi soja ba, kuma ba ta yarda ya yi faɗa a waje ba. Har yau ko wasali ɗaya ba a sauya a kundin ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shekara kusan 40 Japan ta yi tana sayar wa duniya motoci da rediyo, ba ta tura ko bataliya ɗaya waje ba.

Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ne ya tayar da ita. Ta ba da gudummawar dala biliyan 13 don a fitar da Iraƙi daga Kuwait, amma da Kuwait ta buga sanarwar godiya a jaridun Amurka ta jero ƙasashen da suka taimake ta, babu sunan Japan. Abin ya yi wa ’yan siyasar Tokyo ciwo ƙwarai. A watan Yunin 1992, bayan doguwar taƙaddama a majalisa, aka kafa dokar da ta ba da damar tura dakaru aikin wanzar da zaman lafiya.

Dokar ta zo da sharuɗɗa biyar, kuma a nan ne maganar take. Ba za a tura kowa ba sai masu faɗan sun riga sun tsagaita wuta. Sai ƙasar da za a je da ɓangarorin da ke rikici sun amince da zuwan Japan ɗin. Sai aikin ya kasance babu goyon bayan wani ɓangare. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya rushe, gwamnati na da ikon kwaso mutanenta. Makami kuwa, sai dai gwargwadon abin da mutum zai kare ransa.

Da wannan igiya a ƙafa injiniyoyin soja kusan 600 suka tafi Kambodiya a 1992 suna gyaran hanyoyi da gadoji. A 1993 aka kashe ’yan Japan biyu a can, wani ɗan sa-kai mai aikin zaɓe da wani ɗan sanda, kuma ƙasar ta girgiza kamar an yi mata asarar bataliya. Da za a tura tawagar agaji ga ’yan gudun hijirar Ruwanda a Goma a 1994, sai da aka yi muhawara a kan ko mashinga ɗaya za su riƙe ko biyu. Ɗaya suka tafi da ita. A Samawa ta ƙasar Iraƙi, daga 2004 zuwa 2006, sojan Japan na tace ruwan sha da gyaran makarantu, sojan Holan kuma, daga baya na Birtaniya da Ostireliya, na gadinsu. Soja da mai gadi: ko a Kangire aka ba da wannan labari sai an yi dariya.

Ranar da kalma ɗaya ta kayar da minista

Sudan ta Kudu ce ta nuna iyakar tsarin. Tun 2012 Japan ke da injiniyoyi kusan 350 a Juba, suna aikin hanya da magudanan ruwa. A watan Yulin 2016 faɗa ya ɓarke a tsakiyar birnin tsakanin dakarun Shugaba Salva Kiir da na mataimakinsa Riek Machar. An kashe ɗaruruwan mutane, har da sojan China biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Harsasai na wucewa ta kusa da sansanin ’yan Japan.

Sojojin da ke wurin sun rubuta abin da suka gani a rahotonsu na kullum, kuma sun yi amfani da kalmar “yaƙi”. Idan yaƙi ake yi, sharaɗin tsagaita wuta ya rushe ke nan, zamansu a Juba ya saɓa wa doka. Wani ɗan jarida ya nemi a ba shi rahotannin a ƙarƙashin dokar ’yancin samun bayanai. Ma’aikatar tsaro ta ce an riga an zubar da su. Ashe suna nan a kwamfuta. Ministar tsaro Tomomi Inada ta dage a majalisa cewa “arangama” aka yi, ba yaƙi ba a ma’anar doka. A watan Mayun 2017 aka kwaso dakarun gaba ɗaya, a watan Yuli kuma ministar ta ajiye aiki, tare da babban sakataren ma’aikatar da hafsan sojan ƙasa.

A lura da kyau: babu sojan Japan ko ɗaya da ya mutu a Juba. Ɓoye takarda ne ya ci kujerar mutum uku. Tun kafa rundunar a 1954 ba ta rasa soja a fagen daga ba, ba ta kuma harbe kowa ba.

Tun daga nan Japan ba ta sake tura runduna ba. Abin da ya rage mata shi ne hafsoshi kaɗan a hedikwatar Juba da wasu a yankin Sinai na Masar, sai kuɗi da horo. Ita ce ta uku wajen biyan kuɗin ayyukan wanzar da zaman lafiya, bayan Amurka da China. Tun 2015 sojojinta ke koya wa injiniyoyin sojan Afirka tuƙa katafila da gireda a Nairobi. A nan gida ma, ta hannun hukumar UNDP, ta sha ɗaukar nauyin kwasa-kwasai a cibiyar horar da dakarun wanzar da zaman lafiya ta Martin Luther Agwai da ke Jaji, a jihar Kaduna.

Inda zargin ya ci

Masu sukar Japan ba su yi ƙarya ba a wurare biyu. Na farko, zaman lafiyarta wani ne ke yi mata gadinsa. Sama da sojan Amurka 50,000 ne ke zaune a ƙasar, akasarinsu a tsibirin Okinawa. Mai zaune a inuwar wani ba zai yi wa na rana gorin zufa ba. Kuma ita kanta ta fara sassauta igiyar inda ta ga nata amfanin: ta buɗe sansani a Jibuti a 2011 don tsaron jiragen kasuwancinta, gwamnatin Shinzo Abe ta faɗaɗa ikon rundunar a 2015, sannan a ƙarshen 2022 aka yanke shawarar ɗaga kasafin tsaro zuwa kashi 2 cikin 100 na tattalin arziki saboda fargabar China da Koriya ta Arewa. Wato ana sayen makamai don tsaron gida, ana janye jiki daga tsaron talakan Afirka.

Na biyu ya fi zafi. Aikin wanzar da zaman lafiya na yau ba irin na da ba ne, lokacin da ake tsayawa tsakanin rundunoni biyu da suka gaji da faɗa. A Darfur, a gabashin Kwango, a arewacin Mali, babu wata wuta da aka tsagaita. Matar da ta gudo da goyo zuwa ƙofar sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda zai tsaya tsakaninta da mai bindiga take nema. Sharuɗɗan Japan sun ce a daidai wannan lokaci ne ya kamata a haɗa kaya. To wa zai tsaya? Ɗan Nepal, ɗan Bangladesh, ɗan Ruwanda, ɗan Ghana, ɗan Najeriya. Masu kuɗi su sa hannu a cek, talakawa su ba da ’ya’ya. Wannan rabon aiki bai tsaya kan Japan kaɗai ba, yawancin ƙasashen Turai ma haka suke yi, sai dai su ba su da sashe na 9 da za su fake da shi.

Duk da haka, tura Japan ta yar da igiyarta ba zai rage wa kowa makoki ba. Maƙwabtanta, China da Koriya, ba su manta abin da sojanta ya yi musu ba. Abin da ya dace Afirka ta matsa mata a kai shi ne kayan da rashinsu ke kashe sojanmu a fage: jirage masu saukar ungulu na kwashe wanda aka harba, asibitin tafi-da-gidanka, motoci masu sulke, na’urar gano nakiya. Rundunar Darfur ta yi shekaru tana roƙon jirage masu saukar ungulu daga ƙasashe masu arziki. Wanda ya ce addininsa ya hana shi riƙe wuƙa, ai bai hana shi riƙe ƙafar rago ba.

Namu lissafin

Najeriya ta shiga wannan aiki tun tana jaririya. Makonni kaɗan bayan samun ’yanci a 1960 sojanta suka sauka a Kwango, kuma a ƙarshe Aguiyi-Ironsi ne ya jagoranci rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya gaba ɗaya a can. Barikin Bukavu na Kano sunan wani gari ne a gabashin Kwango. Daga nan sai Labanan a 1978, sai Chadi a 1981, sai Laberiya a watan Agustan 1990 a ƙarƙashin ECOMOG, sai Saliyo, sai Darfur, sai Mali a 2013. Abin alfahari ne, kuma mutanen Monrovia da Freetown ba su manta ba.

Amma da wane sharaɗi aka tafi? Gwamnatocin soja na Babangida da Abacha ne suka riƙe yaƙin Laberiya da Saliyo, babu majalisar da za ta tambaye su. Obasanjo ya ce ƙasar ta kashe kimanin dala biliyan 8 a kan ayyukan biyu. Adadin rayuka kuwa, har gobe kowa nasa yake faɗa: ɗaruruwa dai, wasu su ce sun haura dubu. Ƙasar da ta san dalolin da ta kashe, ba ta fito da cikakken jerin sunayen ’ya’yanta da suka kwanta dama ba.

A ƙarshen watan Satumban 2007, cikin azumi, ’yan tawaye suka afka wa sansanin Tarayyar Afirka da ke Haskanita a Darfur da almuru. Aƙalla dakaru 10 suka mutu, 7 daga cikinsu ’yan Najeriya. Sun yi ta musayar wuta har harsashinsu ya ƙare. An kawo gawarwaki Abuja, an yi musu jana’izar ban-girma, an yi jawabai. Babu wanda ya sauka daga kujerarsa.

Sai kuma abin da ya faru a Akure a 2008. Sojojin da suka dawo daga Laberiya suka fito kan titi suna neman alawus ɗinsu da ya maƙale a hannun manya. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai-da-rai kan laifin bore. Daga baya an rage hukuncin zuwa shekara 7, aka kuma yi musu afuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan gwamnatin ƙasa sama da dala 1,400 a wata kan kowane soja a ’yan shekarun nan, kuma gwamnati ce ke yanke abin da zai isa hannun mai hular. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A Tokyo minista ta tafi saboda an ɓoye takarda, a Akure wanda ya tambayi haƙƙinsa ne ya tafi gidan yari.

Mu ma muna da igiya, gajeriya ce kawai

Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar shugaban ƙasa sakaka ba. Sashe na 5 ya ce ba za a tura soja fagen daga a wajen Najeriya ba sai da amincewar Majalisar Dattawa. Ya bar ƙofa ɗaya: idan tsaron ƙasa na cikin haɗari na gaggawa, shugaba na iya turawa, amma ya nemi amincewa cikin kwana 7 da fara faɗa, majalisa kuma ta ba da amsa cikin kwana 14.

Mutanen Jigawa sun ga amfanin wannan sashe da idonsu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba sojoji wa’adin mako guda, aka fara kaɗa gangar yaƙi. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ya san cewa harsashin da aka harba a can, a gidan ɗan’uwa zai faɗa. Sanatocin Arewa suka ƙi, malamai da sarakuna suka sa baki, Majalisar Dattawa ta shawarci Shugaba Tinubu ya bi hanyar sulhu. Ba a yi yaƙin ba. A wannan makon, Najeriya ta yi abin da ake yi wa Japan dariya a kansa, kuma babu wanda ya kira shi tsoro a tsakanin Daura da Nguru.

Sai dai dacewa aka yi, don abin ya taɓa dangi. A watan Disambar 2025, da wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnati a Jamhuriyar Benin, jiragen yaƙin Najeriya sun riga sun kai hari a Kwatano kafin takardar neman izini ta isa zauren majalisa, kuma amincewar ba ta ɗauki wani dogon zama ba. Mai yiwuwa matakin daidai ne. Amma sashe na 5 izini kawai yake nema. Bai tambayi ranar dawowa ba, bai tambayi abin da zai sa a janye ba, bai tambayi wa zai biya ba, bai ce a kawo wa majalisa rahoton waɗanda suka mutu da abin da aka ba iyalansu ba.

Nan ne ya kamata ’yan majalisar da ke wakiltar Birnin Kudu, Buji da Gwaram, da sanatocin Jigawa uku, su sami abin yi. Babu mai cewa a kwafo sharuɗɗan Japan yadda suke. Ƙasar da ke maƙwabtaka da Tafkin Chadi da Sahel ba za ta ce sai an tsagaita wuta za ta motsa ba, kuma in gemun ɗan’uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa nasa da naka. Abin da ake bukata doka ce da za ta tilasta wa gwamnati, duk lokacin da za ta tura soja waje, ta rubuta manufar aikin da wa’adinsa, ta bayyana nawa aka karɓo da nawa ya shiga asusun kowane soja, ta kuma wallafa sunan duk wanda ya rasu. Dokar ’yancin samun bayanai tana nan tun 2011, irin wadda ɗan jaridar Japan ya yi amfani da ita. Amfani da ita a kan ma’aikatar tsaro ne ya yi ƙaranci.

Akwai ma tambayar da manomin Gwaram zai fi kowa iya yi. A 2013 Najeriya ta janye yawancin sojanta daga Mali saboda wutar da ke ci a Borno da Yobe. Yau sojoji na aiki a kusan kowace jiha, ’yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, kuma ko a kudancin Jigawa, inda Allah Ya rufa asiri, duk kaka sai an yi zaman ɗar-ɗar tsakanin manoma da makiyaya. Kowace bataliya da za a ɗaga zuwa waje, daga bakin wani ƙauye aka ɗauke ta. Wanda zai ɗauke ta ya kamata ya tsaya gaban wakilan jama’a ya faɗi dalili.

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sabbin sojoji, za ka ga samari a Kangire da Sara da Birnin Kudu suna gudun motsa jiki a bakin titi bayan sallar asuba, da rana kuma suna layi a shagon kwamfuta. Kafin a karɓi yaro, sai ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma, sai wani mai mutunci ya tsaya masa, sai mahaifi ko waliyyi ya sa hannu cewa ya yarda. Uban da bai iya boko ba yakan dangwala babban yatsa. A cikin takardun nan duka, babu wadda gwamnati ke sa wa hannu ta bar wa uban ya ajiye.